Barcin da Na Yi a Tsakiyar Masu Tsaga Citta

Ko zan manta komai a duniyar nan, ban da ranar da barci ya kwashe ni da rana tsaka a tsakiyar mata masu tsaga citta, ni ƙato mai 'ya'ya uku, baki a hangame.

Ni tela ne, shagona na kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Shekarun baya babur ya kayar da ni a hanyar Zonkwa, na karye a cinya. Aka yi mini aiki, likita ya rubuta mini wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Maganin ya taimake ni, ba zan yi masa butulci ba. Amma ƙashi ya haɗe, ciwo ya tafi, jikina ya ƙi rabuwa da ƙwayar. Da na koma na gaya wa likitan, bai yi mini faɗa ba. Ya riƙa rage mini kaɗan-kaɗan har muka kai ƙarshe, sannan ya ce, "Barci zai yi maka wuya na ɗan lokaci. Ka daure, zai dawo."

Zai dawo! Faɗa da baki ai ba wuya. Hamma ba iyaka, hanci na yoyo, ƙafafuna kamar tururuwa na yawo a cikin ƙashi. In kwanta, in juya, in tashi in zagaya ɗaki, in sake kwanciya. Na bar shayi da yamma, na bar goro, na yi wanka da ruwan ɗumi, na karanta Zabura har idona ya yi yaji. A banza. Ban taɓa sanin mutum na iya kewar barci kamar yadda ake kewar wanda ya yi tafiya ba. In na ga autarmu ta ɓingire a tabarma da guntun rake a hannu, sai in tsaya ina kallonta, hawaye na zubo mini. Allah ya sani, kishin yarinyar nan nake yi.

Matata, baiwar Allah, ta yi abin da take ganin daidai ne. Ta kashe rediyo, ta hana daka a gidan, ta tura yara wasa gidan maƙwabta, ita kanta da sanɗa take tafiya. A cikin shirun nan ba abin da nake ji sai bugun zuciyata da tunanin kemis ɗin bakin layinmu. Ƙwaya ɗaya tak, in yi barci. Na kuma san in na koma, ba fita.

Ranar da gyangyaɗi ya sa allurar keken ɗinki ta huda mini yatsa, matata ta kira mahaifiyata a waya. Mama ta ce a kawo mata ni ƙauyenmu, can kusa da Nok. Lokacin tonon citta ne.

A ƙauyen ma idona biyu gari ya waye. Da safe na gama yanke shawara: na yi magana da wani ɗan acaɓa ya zo da la'asar ya kai ni Kwoi, in nemi kemis a can inda ba wanda ya san ni. Na gaji. Ina zaune a ɗaki ina jiran la'asar sai Mama ta ɗaga labule. Hausarta ta kasuwa da coci ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Wannan zama kai kaɗai ba ta da kyau," ta ce. "Tashi ka kama wuƙa."

A wajenmu in an tono citta aka wanke, mata ne ke taruwa a gindin mangwaro su tsaga kowace biyu kafin a shanya, yau gidan wannan, gobe gidan waccan. Aikin hannu ne, baki kuwa ba ya hutawa. Suna ganina suka ɗauki shewa.

"Oga tela! Ɗinki ya ƙare a birni ne ka zo ƙwace mana aiki?"

"Ku ba shi wuƙa mara kaifi, kar ya ƙarasa sauran yatsun!"

Na zauna kusa da Mama, na jingina da buhu. Na tsaga 'yan kaɗan, duk a karkace, suka yi ta yi mini tsiya. Can suka manta da ni. Wata ta ɗauko waƙar coci da yarenmu, sauran suka amsa, wuƙaƙe na ƙas-ƙas-ƙas, ƙamshin ɗanyar citta na shiga hanci har maƙogwaro. Ban san lokacin da wuƙar ta suɓuce daga hannuna ba. Na ji idona ya yi nauyi, irin nauyin da na daɗe ina roƙon Allah.

Sai wata ta lura. "Ku yi shiru, ya fara barci!"

Waƙa ta yanke, wuƙaƙe suka tsaya cak. Ni kuwa firgigit na buɗe ido. Wayyo, kamar an miƙo mini ruwa an janye. Saura kaɗan in fashe da kuka a gabansu.

Ban taɓa ganin Mama ta fusata haka ba. "Wa ya ce ku tsaya? Wannan yaro a bayana ya girma, ina tsaga citta, kuna surutu a kansa. Shiru ba ta sa shi barci. Ku ci gaba!"

Suka kuwa ci gaba, har da ƙari. Abu na ƙarshe da na ji shi ne gardama a kan akuyar wa ta cinye wa wata gwaza.

Da na farka rana ta yi yamma liƙis. Inuwa ta gusa, sun ɗaura zani a reshe sun kare ni. Kaina a kan cinyar Mama, ashe tun ɗazu ya zame can, ita kuwa ba ta motsa ba, a haka ta yi ta aikinta har ƙafar ta mutu, sai da mata biyu suka ɗaga ta. Ta dube ni ta ce da yarenmu, "Ka dawo?" Sannan ta ƙara, kamar ba komai ba, "Mai babur ya zo. Na ce ba inda za ka." Ba ta tambaye ni inda na yi niyya ba, har ta bar duniya.

Ba zan ce daga ranar na warke ba. Na ƙara shan wahala, amma na riga na ga barcin da idona, na san bai mutu ba. Kullum sai in bi matan nan gida-gida da wuƙata, ana dariya, ni ko a jikina. Da na koma Kafanchan na roƙi matata ta kunna rediyonta, ta yi dakanta, yara su dawo su cika gidan. Ban sake taɓa ƙwayar ba.

Mama ta tafi gida wurin Ubangiji ba da daɗewa ba. Yanzu ina barci lafiya, har matata na ƙorafin minshari. Amma duk ranar da na wuce masu buhunan citta a kasuwa, sai in rage tafiya, in ji ina marmarin inuwar nan da ƙafar da ta ƙi motsawa domina. Abin da na koya shi ne, mai irin wannan fama ba a killace shi a ɗaki a yi masa shiru. A jawo shi cikin mutane, a yi ta hidima a kansa, wani ya zauna kusa har ya dawo. Ni na sami mai zama, kuma ban taɓa ce mata na gode yadda ya kamata ba.