Katin Direban Illela

A shekarun da wayoyi masu katin ajiya suka shigo Konni, ina da shago kusa da tasha inda nake zuba wa mutane karatu da waƙoƙi. Ƙanena da ya karanci kwamfuta a Yamai ya rubuta mini wata 'yar manhaja. Nakan buga mata iyakar girman da nake son kayan cikin kati su tsaya, 512M ko 2G, ita kuma ta yi ta goge tsofaffin abubuwa har su daidaita, a samu wurin zuba sababbi. Kafin ya koma, ya gwada ta a gabana da tambayoyin da ya san amsarsu. K, M da G, haruffan da ke nuna girman lambar, kowanne ta karanta shi daidai.

Wata rana wani direban Illela ya miƙo katinsa. Ya ce, "Baba, ƙara mini karatu, amma a kula, muryar marigayiya mahaifiyata na ciki."

Mutane sun cika ƙofa, sai cikin sauri na buga wa manhajar 2 kawai, na bar G ɗin. Manhajar ta ɗauka bayit biyu nake nufi, wurin da bai isa kalma ɗaya ba, ta share katin tas.

Na kira ƙanena ko za a iya dawo da muryar. Ya ce, "Haba Yaya, wa ke buga lamba ita kaɗai?" Na ce ni. Sai ya ce wannan bai shiga gwajinsa ba, zai ƙara shi, amma bai san hanyar dawo da ita ba.

Direban ya sa katin a wayarsa, ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare. Daga baya ya cire ya miƙo mini, ya ce in zuba karatun, tunda yanzu akwai wuri.