Ciwon Nabawiyya a Katin Abdul'ati

Baba Abdul'ati ya yi shekara talatin da biyu a masaƙa a nan garinmu, Mahalla. Abin da ya fito da shi ɗan fansho ne, da ciwon suga, da hawan jini, da katin karɓar magani kyauta. Katin nasa ne shi kaɗai. Matarsa Nabawiyya, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a gindin murhu, ba ta da ko takarda, ga zuciyarta ta soma gajiya. Maganinta na wata guda sai ya lashe rabin fanshon.

Ni ce a ƙasan benensu, kuma rufinmu ba ya riƙe sirri. Ranar asibiti, tun da safe nake jin darasi.

"Faɗa mini, ina yake miki ciwo?" in ji Abdul'ati.

"Ƙirji, kamar an ɗora mini dutsen niƙa."

"Ƙirji, kamar an ɗora mini..."

"Haba Baban Ragab, kai ka ce mai tallar kankana! Ɗan yi nishi mana!"

Haka yake haddace ciwon matarsa ya kai wa likita a matsayin nasa. Tsohon likitan ba ya ko ɗaga kai, rubutawa kawai yake. Shekara huɗu Nabawiyya na shan magani da sunan mijinta. Ko tari ya yi sai na kasa kunne, don in ya faɗi, mutum biyu ne suka faɗi.

Sai aka kawo sabuwar likita, yarinya mai kula da aikinta, kuma Allah ya yafe mini, na ji haushin wannan kular. Ta ce ba sauran maganin zuciya sai an ɗauki hoton zuciyar. Sau biyu yana zillewa. A na uku ni na raka shi, don suga ta ci idanunsa. Ya shanye gahawa kofi uku, ya yi ta hawa da sauka a matakalar asibitin don zuciyar ta rikice. Zuciyar ta ƙi.

"Albishirinka, Baba!" in ji likitar. "Zuciyarka garau. Ka ci gaba da na suga da na jini, magungunan zuciyar nan uku kuwa mun soke."

"'Yata, ki sake dubawa. Wallahi ƙafafuna kumbura suke."

Ta leƙa siraran ƙafafunsa ta yi dariya. "Baba, godiya ake yi."

Na so in fasa ƙwan, tsoron kada a ƙwace katin ya rufe mini baki.

Da muka koma gida muka tarar da Nabawiyya a saman matakala, riƙe da ƙarfen dafawa, tana haki.

"Me suka ce?"

"Sun ce lafiyata ƙalau."

Ta zauna daɓas a wurin.

"Maganin kwana nawa ya rage miki?" ya tambaya.

"Shida," in ji ta. "In na raba biyu, goma sha biyu."