Saƙon Njamena

Duk wanda ya sha koko a bakin kwatar unguwar Maamobi shekarun baya ya san Awabu. Mace ce mai baki, ga son raha. Ludayi na hannunta amma sai ta ji lafiyar kakarka kafin ta zuba maka. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun kama gabansu, sai ta ce ita fa Makka za ta. Jirgi ya fi ƙarfinta, don haka ta ƙasa za ta bi, mota-mota, da ƙunshinta a ka.

Yayanta Jalilu, direba a tashar Tudu, ya ce sam. "Mace ke kaɗai, a tasha za ki riƙa kwana? Nuna mini masauki a kowane gari, in sa ki a mota da hannuna."

"To Yaya, ka faɗa da bakinka," in ji ta.

Ai kuwa washegari duk mai sayen koko sai ta tambaye shi, "Kana da saƙo gabas?" Zongo kuwa, unguwar baƙi, wa ba shi da ɗan'uwa a wani gari? Ita ta sani, wanda ya kawo maka saƙo daga gida ba ka barinsa ya kwana a waje. Maƙwabciyarta Husseina ta ba da atamfa a kai wa 'yarta a Lome. Wani tela ya kawo kwalbar shito, wato soyayyen yaji, ta ƙanensa na Kwatano. Na Legas har suka yi yawa, ta riƙa mayar wa mutane abinsu tana cewa, "Gado nawa zan kwanta a gari ɗaya?" Kano da Maiduguri ma ba su ba ta wahala ba.

Njamena ce ta tsaya mata a wuya, ga shi can ne za ta zauna jiran ayarin masu ƙetara Sudan. Ta bi unguwar Nima gida-gida, ta je wajen 'yan albasa a kasuwar Agbogbloshie, babu. Abin ya dame ta ƙwarai, har koko ya fara tsami a hannunta. Sai wata tsohuwa ta raɗa mata cewa Gajere mahauci na Sabon Zongo yana da ƙanwa a can, Ƙaltume, amma tun rabon gadon uwarsu ba sa ga maciji.

Da ta je, Gajere ya ji ta ya ci gaba da saran ƙashi. "Ba ni da kowa a Njamena."

"Ni ma haka, Malam Gajere. Shi ya sa na zo."

Ya kore ta, ta dawo. Kullum ta tashi kasuwa sai ta kawo masa koko da ƙosai, ta zauna a bencinsa tana kore masa ƙuda, ba ta ƙara ta da maganar ba. Kai, Awabu da naci! Rannan dai ya shiga ciki ya fito da wani tsohon kwano na tagulla, wanda a kansa aka yi rigimar, ya dangwarar a gabanta.

"Kada ki ce ina gaishe ta."

Jalilu ya cika alkawari, ya ɗora ta a mota yana gunaguni. A ko'ina aka karɓe ta hannu biyu. Ƙaltume kuwa da ta ga kwanon, zama ta yi a ƙasa ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta shimfiɗa wa Awabu gadonta, ita ta koma tabarma.

Da Hajiya Awabu ta dawo, ta rame, ta yi baƙi, baki har kunne, kafin ta shiga gidanta sai da ta biya Sabon Zongo. Ta ajiye kwanon nan a kan teburin Gajere. Ya ɓata rai, ya zaci an dawo masa da abinsa ne. Da ya ɗaga murfi sai ya ga dabino cike fal.

"Ta ce kwanon na ku biyu ne. Idan ka cinye, ka cika ka mayar."

Gajere ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Hajiya, wa kika ji zai yi gabas bana?"