Shekarun Kandilo

Ranar wata Juma'a da hantsi, cikin bazarar 1994, na yi dambe da wata yarinya a kan kashin saniya. Shekaruna tara. Kasuwar shanu ta Maigatari ta ci ranar Alhamis ta watse, mu kuma 'yan matan ƙauyukan kusa mun yi sammako da kwanduna muna tsintar abin da dabbobi suka bari a turaku. Ni na fara ɗora ƙafa a kan wani falle da ya soma bushewa, ita kuma ta sa hannu ta ɓamɓare shi. Muka kama kokawa cikin rairayi, ta fizge mini ɗan kunne har fatar ta yage, na cije ta a damtse, abin da muke faɗa a kai kuwa ya dagargaje a ƙarƙashinmu. Na koma gida da jini a wuyan riga da rabin kwando. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta wanke kunnen da ruwan gishiri, sannan ta leƙa kwandon ta ce wannan ba zai yi mana tuwo biyu ba.

Itace ya riga ya ƙare mana kafin wannan shekarar. Sabara da kalgon da ke bayan gari an sare su, har saiwar an tone. 'Yan gawon da suka rage a gonaki kuwa, wanda aka kama ya sa musu gatari, malaman daji su ƙwace gatarin. Kananzir ya ɓace daga tashar Gumel, rishon Inna ya koma wurin ajiye kwanuka. Sai muka koma ƙona duk abin da wuta za ta ci: karan gero, karan riɗi, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, da kandilo, wato busasshen kashin shanu. Aikina ne in mulmula ɗanyen, in manna shi jikin katanga ya bushe. A makaranta ko 'yar carafke muke yi sai in riƙa ɓoye hannuwana, don duk dirzar da na yi musu da toka warin ba ya fita.

Baba bai taɓa yarda da wannan girki ba. Shanunmu biyu ne da 'yan awaki, kashinsu kuwa shi ne takin da yake kaiwa gona a mangala kafin ruwa ya sauka. Kara kuma da yana barin sa a kwance ya riƙe ƙasa. Yanzu ga mu muna kwashe kashin daga turke, muna tumɓuke har tushiyar kara. Duk safiyar da ya tarar da turken a share sai ya tsaya ya ce, "Gonar kuke ci a murhu." Inna takan amsa masa daga cikin hayaƙi, cewa in yana da abin da za a sa a ƙarƙashin tukunya ya kawo. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da kaka ta zo, damman geron da muka ɗaure ba su cika rabin rumbu ba.

Kandilo ba ya ci da harshe, turnuƙewa yake yi. Ɗakin girkinmu ƙarami ne, ba taga, da damina kuwa ba halin fitowa tsakar gida. Inna takan shiga ta durƙusa gaban murhu, mu daga waje sai dai mu ji tarinta. Idanunta suka yi ja suka dinga zubar da ruwa, har ta daina tsintar wake sai ta kira ni. Ta sha saiwoyi, ta sha zuma da citta, tarin bai tafi ba.

Ina aji biyar aka kawo mana sabuwar malama, Malama Rifkatu, Kirista ce daga wajen Filato, mijinta Malam Yohanna ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma. Wata rana ta kama hannuna ta duba, ta tambayi da me muke girki. Na sunkuyar da kai. Kwana biyu bayan nan ta sa aka mirgino wani tsohon duro bayan aji. Muka cika shi da kara da ɓawon gyaɗa, ta cinna wuta, da ta kama sai ta rufe bakin ta liƙe da laka. Da ya huce muka tarar komai ya zama gawayi. Muka daka, muka kwaɓa da ɗan yumɓu da ruwan koko, muka cura kamar fura muka shanya. Na kai wa Inna guda shida a gefen zane. Ta jera su a kurfoti, suka kama jajur, babu hayaƙi. Ta zauna a kujera tana kallon su har ruwan ya tafasa, ta ce rabon da ta ga cikin tukunyarta tana kan wuta har ta manta.

Curin gawayin ya sauƙaƙa mata, amma karan Baba yake ci, kuma ba ya isa. Sai Malama ta ce in gaya wa Baba ya je ya ga abin da mijinta ya haɗa a gida. Na raka shi. Duro biyu ne, ɗaya kife cikin ɗaya, cike da kashin shanu da aka dama da ruwa, tiyo ya fito daga sama ya shiga kicin. Malam Yohanna ya ƙyasta ashana, wata shuɗiyar wuta ta tashi. Ya ce iskar da kashin ke fitarwa in ya ruɓe ita ce ke ci, ragowar da ke malalowa ta gefe kuma taki ne da ya fi na turke. Baba ya durƙusa ya shafa takin a yatsa ya shinshina. Ranar kasuwa ya ja akuya ɗaya ya dawo da duro biyu da tiyo.

Wutarmu ta kama bayan mako uku. Ta yi mana wata biyu tana dafa koko da miya, Baba yana kwasar takin yana tarawa. Sai dai abin yana shan ruwa kullum, rijiyarmu kuwa mai zurfi ce, jan guga ɗaya sai tafin hannu ya yi zafi. Da rani ya tsananta ruwan ya ja baya, layi ya yi tsawo, abin da nake samowa bai isa sha da alwala da dabbobi ba. Na ga ranar da Inna ta tsaya da tulu a hannu tsakanin duron da randa, ta daɗe, sannan ta juye a randa. Kashin ya daskare a ciki, wutar ta mutu. Kafin damina aka yi wa Malam Yohanna canjin wurin aiki, ba wanda ya san yadda za a tashe ta. Muka koma kandilo.

Inna ta rasu cikin 1997, a asibitin Gumel, ƙirjinta ya ƙi karɓar iska. Ni na gaji murhun, ina da shekara goma sha biyu. Baba bai ƙara yin maganar taki ba. Da kansa ya ɗauki sungumi ya huda taga a ɗakin girkin.

Yanzu a Gumel nake da iyalina. Akwai matan da ke cura gawayin kara da inji a unguwarmu, buhu-buhu, a ƙauyenmu ma an haƙa burtsatse, ruwa har yara na wasa da shi. Wani lokaci in na je na ga yana malala a ƙasa, sai in tsaya in yi ta lissafin tulu nawa ne. Tulu biyu a rana kawai muka rasa. Yanzu na wuce shekarun da Inna ta yi a duniya da shekara bakwai, kuma numfashina lafiya lau.