Mai Masaukin Baba a Yamai

Shekarun baya, a lokacin da na fara riƙe babbar waya ina jin kamar duniya a aljihuna take, cutar yanar ido ta rufe wa Baba idanu. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuwa inuwa kawai yake gani. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar dabbobi ta Dakoro ya koma sai an riƙe masa sanda zuwa masallaci. Likitan Maraɗi ya ce na dama zai cetu in an yi aiki da wuri, amma saboda ciwon sukarinsa sai dai a Yamai. Ya ba mu randebu, wato ranar da za a yi aikin.

Da na gaya wa Baba, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, "To madalla. Sai mu sauka gidan Bazabarme."

Bazabarmen nan dillali ne a kasuwar dabbobi ta Yamai. Tun kafin a haife ni, in Baba ya kai raguna gab da babbar salla, a gidansa yake sauka. Shi ke sayar masa, shi ke ciyar da shi, shi ke tsaya masa in jandarma sun tsare mota. Mu Gobirawa ne, shi Bazabarme, kun san wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilun biyu, don haka ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunan yanka ba. Kuma a wurin mutane irin su Baba, mai masauki ba riga ba ce da ake canzawa. In ka shiga garin mai masaukinka ka kwana wani wuri, ka shaida wa duniya ke nan cewa ya ci amanarka.

Na kira babban ɗan Bazabarmen don in sanar da su zuwanmu. Muka gaisa. Can ya ce tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki tun wajen shekara biyu. An sayar da gidan wurin neman magani. Yanzu a wurinsa yake, cikin ɗaki ciki da falo na haya, ga mata ga yara, tsohon a falo yake kwana.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ya rantsar da mu kada labarin nan ya kai Dakoro. Cewa ya yi gara Bagobiri ya ɗauka ya mutu da ya zo ya tarar ba shi da ɗakin da zai sauke shi. Don Allah ka rufa mana asiri."

Na kashe waya. Ga idon Baba, ga amanar da aka ɗora mini, ga abotar da ta girme ni.

A nan ne na tuna da shafukan nan na intanet da ake kama ɗakin otal da motar haya da rangwame. Na daɗe ina leƙa su ba gaira ba dalili, ina kallon gadajen ƙasashen da ko a mafarki ban je ba. Ranar dai abin ya yi rana. Na je wurin abokina mai katin banki, muka zauna a ƙofar shagonsa muna ta latse-latse. Muka samu wani otal kusa da asibitin, hotunansa kamar a lasa, har da wurin ninƙaya mai shuɗin ruwa. Abin mamaki, ɗaki mai gado biyu ya fi mai gado ɗaya araha, saboda shi rangwamen ya faɗa wa. Muka haɗa da mota da direbanta, tunda ni iyakar gwanintata babur. A ƙasa an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa in an biya ba a mayarwa. Na ce wa abokina ya danna kawai. Wallahi ranar har tafiyata sai da ta canza.

Da yamma na sami Baba a zaure na ba shi labari, ina ta zuba kamar kanya: sanyin ɗaki, ruwan zafi, mota har ƙofar asibiti. Ya bari na gama.

Ya ce, "Otal?"

Na ce, "E, Baba. Ya fi kusa da likita."

"Mushe," ya ce, don haka yake kirana in zai ci mini fuska, kamar yadda yaran lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa, ke kirana da Faransanci, "otal ai masaukin wanda ba shi da kowa ne. Ni ina da kowa a Yamai."

Na yi ta kame-kame. Amma ana gobe tafiya sai na ga ya sa an ɗaure masa cuku, busasshen cukwin nonon nan, da kwalbar man shanu da ɗan buhun gero, irin tsarabar da ya saba kaiwa. Na san fa ba a gama ba.

Daga Dakoro zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai, Baba bai yi mini magana ba sai in lokacin salla ya yi. Da la'asar muka isa. Motar da ke walƙiya a hoto ta zo ɗaukarmu a tasha, sai ga ta ta sha duniya, ƙofar baya ma sai daga waje take buɗewa. Wurin ninƙayar otal kuwa babu ko ɗigon ruwa, kujerun roba aka jibge a ciki. Na gode wa Allah a raina da Baba ba ya gani. Ɗakin dai tsaf yake, kuma a ƙasa, babu hawan bene.

Na kama hannunsa zan zaunar da shi a bakin gado, ya cije. Ya tsaya nan bakin ƙofa da sandarsa.

"Gobe ne aikin?"

"Gobe da safe, Baba."

"To in ban ga Bazabarme ba, babu mai taɓa mini ido."

Ni ma ɗan Baba ne, zuciyar gado ce. Gajiya ta haɗu da takaici, na ce, "Haba Baba, ido ne fa, ba cinikin rago ba. In randebun nan ya wuce sai yaushe? So kake ka makance saboda wurin kwana?"

Ya ce, "Na yarda in makance da a ce na shigo garinsa na ɓuya."

Na san halinsa, in ya faɗa ya zauna. Ban ga wata hanya ba. Na nemi gafarar Allah a kan amanar da zan karya, na gaya masa komai: ciwon, gidan, falon, har rantsuwar.

Can ya ce, a hankali, "Shi ya sa ko gaisuwa ya daina aiko wa da masu motar dabbobi. Ni kuma ina can ina fushi da shi."

Sai ya juya ya ce, "Ɗauki kayan nan."

Na ce, "Ina za mu, Baba?"

"Waje."

Raina ya ɓaci, don na ɗauka tasha za mu koma. Amma muna fita ƙofar otal sai ya ce in shimfiɗa masa dardumarsa a gindin wata bishiyar dogon yaro, bakin titi. Ya zauna, ya sa na jera masa jaka da buhun gero a gefe.

Ya ce, "Kai wa ya gaya maka mai masauki sai a ɗakinsa yake sauke baƙo? Sau nawa gidansa ya cika da fatake ya kai ni shagon maƙwabci? Ɗaki na maƙwabci ne, amma shi ya sauke ni. Hau motar nan taka da ka biya. Je ka ce masa baƙonsa ya iso, yana zaune a titi da kayansa."

Na tafi. Da ɗan ya ganni a ƙofa, kallon da ya yi mini kaɗai ya ishe ni hukunci. Na tarar da tsohon kwance a kan katifa a falo. Mutumin da na sani ƙato, mai muryar da ke cika kasuwa, ya rame, bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama a kwance kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya gane ni sai ya juya fuska bango.

Na ce, "Baba, laifina ne, ni na faɗa. Na samu ɗaki kusa da asibiti, amma abokinka ya ƙi shiga. Ya ce in gaya maka baƙonka ya iso, yana zaune a titi da kayansa."

Yaran gidan suka daina wasa. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce da wata irin murya mai nauyi, "A titi?"

"A titi, Baba."

"Bagobiri ba shi da kunya. Haka zai zubar mini da mutunci a garina." Ya yi ƙoƙarin tashi. "Ku ba ni babbar rigata."

Ni da ɗansa muka ɗauke shi zuwa mota. Muna isa, tun kafin mu gama fito da shi, ya ɗaga murya iyakar yadda ciwo ya bar masa: "Kai bawana, tashi daga nan."

Baba ya karkata kai wajen muryar. Ya ce, "Ubangidanka ya iso tun ɗazu, sai yanzu ka ga damar zuwa?"

Suka riƙe hannun juna, na hagu da na dama, suka ƙi saki. Ni dai na shiga tattara kaya don kada a ga fuskata.

Tsohon ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi makulli. Muka tallabe shi zuwa teburin karɓar baƙi. Ya dubi matar da ke wurin ya ce, "Ɗiyata, wannan baƙona ne daga Dakoro. Abin da ya nema a ba shi. In ya yi ɓarna, ni za a tambaya." Allah ya yi wa matar nan albarka. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna ta ce, "To Baba, an gama."

A ɗaki sai da tsohon ya sa na buɗe famfo ya ji ruwa na zuwa. Ya tambayi alƙibla. Ya matsa matashin kai ya ce wannan ai na yara ne, a ƙaro wani. Sannan ya lalubo tafin hannun Baba ya sa masa makullin ya ce, "Ga ɗakinka. Ka yi haƙuri da shi."

Baba ya ce, "Ɗaki ya yi." Ya zauna a kan gadon da ya ƙi ɗazu, ya miƙe ƙafa.

Gado na biyu kuwa, wanda na yi ta lissafin yadda zan baje a kansa, Bazabarme ya dube shi ya ce mai masauki ba ya barin baƙo marar lafiya shi kaɗai. Ni da na kama ɗaki da wayata, a darduma na ƙare, tsakanin ƙofa da banɗaki. Abincin otal ma aka hana, wai baƙonsa ba ya cin abincin saye. Motar rangwame ta koma jigilar kwanon dambu da zogale daga gidan ɗansa, safe da yamma.

Aka yi aiki lafiya. Ranar da za a buɗe idon, Bazabarme ya dage sai an je da shi. A nan tsoro ya kama ni, don sai a lokacin na tuna Baba bai ga abin da ciwo ya yi wa abokinsa ba, murya kawai yake ji. Na lura shi ma tsohon yana ta jan rawani yana rufe gefen bakinsa.

Likita ya cire auduga. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi likita, ya dube ni. Sannan ya juya ya tsaya a kan abokinsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannu ya janye rawanin daga bakin.

Ya ce, "Likita, mayar mini da audugarka. Dama can Bazabarme ba kyau ne da shi ba."

Tsohon ya fashe da dariya da rabin bakinsa, Baba ma haka, sai ga hawaye ya biyo. Likita yana ta faɗa wai kada a jiƙa masa aiki. Ba wanda ya saurare shi.

Bayan mun dawo Dakoro, shafin ya aiko mini saƙo wai in ba otal taurari. Na'urar sanyin ɗakin ƙara kawai take yi, wurin ninƙaya kuwa kun ji labarinsa. Amma da na zo layin da ke tambayar yadda aka tarbe mu, na cika taurarin duka ban yi shawara da kowa ba.

Har yau ina amfani da shafukan nan, kuma ba na zaginsu. Da ba don ɗakin nan mai gado biyu ba, ban san inda tsofaffin nan za su haɗu ba tare da ɗaya ya ji kunya ba. Abin da na gane kawai shi ne, ɗaki ake kamawa a waya. Saukar baƙo kuwa sai mutum. Kuma duk lokacin da na tuna Baba zaune bakin titi da buhun geronsa, makaho, ya jingina idonsa a kan darajar abokinsa, sai in ji ina ƙara sonsa, da taurin kan nasa duka.

Bazabarme ya rasu da damina ta zagayo. Baba kuwa yana nan, da ƙafarsa yake zuwa masallaci, har kasuwa yana leƙawa ya kushe ragunan mutane. Kwanakin baya aka sa bikin ɗiyar ƙanena a Yamai. Na same shi a zaure na ce, "Baba, ka shirya mu je. Na ga wani ɗaki mai kyau a waya, kuma da sauƙi."

Ya dube ni da idon nan nasa guda, tar da shi. Ya ce, "Ku je ku dawo lafiya. Ni wa zai sauke ni?"