Jirgin da ta bar mini a bakin Zara

Ku ajiye abin da ke hannunku, jama'a, ku ba ni aron kunne. Ni ban san baƙi ba. Surukina Malam Sabo ne ke rubutawa, ni ina faɗa.

Bana shekara shida ke nan da rasuwar 'yata ta fari, malamar firamare a Maruta. Ba za ku ji sunanta daga bakina ba. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta wasa da ita. Haka na tarar, haka na riƙe.

Ita ce ta kawo wani ɗan wasa cikin waya unguwarmu. Jirgi ne kake tuƙawa da ɗan yatsa, ka bar duniya, ka leƙa wata, ka ziyarci taurari, a kowane masauki a gaya maka yadda wurin yake. Kafin tukunyar wake ta nuna ka je ka dawo. Ɗalibanta suna ta ƙorafi wai ya cika gajarta. Tabawa maƙwabciyata da ta ga wata kusa-kusa, cewa ta yi ashe duk fako ne, ko yakuwa ba za ta fito ba. Ita kuwa mai wayar sai dariya, ta ce gajeren ne take so, don yaro ya gama ya ɗaga kai ya nemi na gaskiyan.

Ni ce mai tatsuniyar Zara matar wata a gidan. Sai ga wasan ya ce wai Zara wata duniya ce mai zafin da ya fi tanderu. Rannan da la'asar, 'yar tawa tana da tsohon ciki, ta kai jirgin daidai bakin Zara ta tsayar, ta ajiye wayar a gefen tabarmata.

"Inna, ga ƙawarki nan. Ke za ki sauke shi, ni ba zan taɓa ba."

Na kau da kai, na ce da Tabawa ta gaya wa waccan ina da aiki. Satin bai zagayo ba aka kai ta asibiti a Birnin Kudu. Daga ita har abin da ke cikinta, babu wanda ya dawo.

Mijinta Malam Sabo ya bar mini wayar. Ya ce jirgin yana nan inda ta tsayar, amma in aka sauke shi wasan ya ƙare, ya koma farko, sawunta ya goge. Shekara shida ina kai wayar caji, ina hana kowa taɓawa.

Yau yaran unguwa wasan harbe-harbe suke yi a waya da na ƙwallo, wanda ba ya ƙarewa har wuya ta ƙage. Da tana nan, ba na jin za ta yi faɗa. Tambaya ɗaya za ta yi musu, ko waye ya ga Zara jiya bayan magariba.

Watan jiya 'yarta Ummi, takwarata, da ta bari tana shekara huɗu, ta zauna a tabarmata ta ce, "Tsohuwa, kin bar baƙo a ƙofar gida shekara shida, ko ruwa babu."

Jika ba a jin kunyarta. Ta kama yatsana ta ɗora a gilashin, muka sauke shi tare, a hankali. Rubutu ya fito, ta karanta mini, sai hoton ya koma duniya, jirgin yana ƙasa kamar bai taɓa tashi ba. Ummi ta ce, "Shi ke nan? Ai ya ƙare da wuri." Na ce haka ne.

Tabawa ta rasu bara. Malam Sabo yana koyarwa a Dingaya. Ummi tana aji biyar, wayar tana hannunta, ƙawayenta suna layi. Ni kuwa in Zara ta fito, sai in shimfiɗa tabarma, in bar gefe ɗaya ba kowa. Allah Ya jiƙanta.