Wa zai yanka akuyar gidan Jozef baɗi?

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Jozef a Waliya, unguwar da ke ƙetaren kogi. Ni a bayan mutane na tsaya, ban san waƙoƙinsu ba. Ni Musulmi ne, sunana Isa, mahauci a kasuwar Dembe. Shi Kirista ne, kafinta, mutumin kudu. Ban yi makaranta ba, kuma yawan magana ba halina ba ne. Abin da na gani a gidansa bana ne ya tsaya mini a ƙirji, shi ya sa na nemi a rubuta mini wannan.

Kakana daga ƙasar Katsina ya taso zai je Makka da ƙafa. Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya kama fawa, ya mutu bai ga Ka'aba ba. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, amma har yau akwai masu ce mana baƙi. Saboda haka duk lokacin da aka fara tambayar ƙasar nan ta wa ce, nakan riga kowa jin tsoro. Idan aka gama korar na farko, ban san wa zai bi baya ba.

Jozef ne ya yi mini teburin da nake saran nama a kai. Muna samari a lokacin. Yana ce mini "dum", yadda mutanen kudu ke kiran Musulmi, ina ce masa "kirdi", yadda namu ke kiransu. A bakin wasu zagi ne da ke jawo dambe. A bakinmu gaisuwa ce.

Sai yaƙi ya shigo gari. Waɗanda suka gani sun sani, waɗanda ba su gani ba ba za su yarda ba. Wata safiya Jozef ya faɗo rumfata yana haki. 'Yan'uwansa sun hau mota sun gudu kudu, shi ya tsaya neman ƙanwarsa. Hanya ɗaya ta rage masa, ya kai bakin kogi ya hau kwalekwale zuwa Kuseri, garin da ke ƙetaren iyaka, kuma masu bindiga sun tare hanyar. Ba sa tambayar takarda. Fuska suke dubawa, Jozef kuwa yana da tsagar mutanensu a kumatu. Na tuɓe rigar aikina wadda jini ya bushe a kanta na sa masa. Na ɗora masa cinyar saniya a ka, jini ya gangaro ya rufe tsagar. Muka shiga layi. Mutumin da ke gabanmu bai wuce ba, kuma ba zan faɗi yadda aka yi da shi ba. Da aka zo kanmu na ce yarona ne, Yusufu. Suka karɓe cinyar, suka ce mu ɓace musu da gani.

Ba a taɓa ganin ƙanwarsa ba. Yayana Haruna, da ya tafi fatauci kudu, shi ma bai dawo ba. A nan ana duba tsagar kumatu, a can ana duba tabon sallah a goshi. Ni da Jozef ba mu taɓa zama mun auna wa ya fi asara ba.

Da ƙura ta lafa ya dawo, ya auri Marta, ya gina gida a Waliya. Akwai al'ada a garin nan: Kirista idan zai yi biki yakan kira Musulmi ya yanka masa dabba, domin maƙwabtansa Musulmi su iya ci. Wasu sukan yi, wasu sukan manta. Jozef bai taɓa mantawa ba. Ko Kirsimeti, ko suna, ko aure, sai na ƙetare gada. Shi ke riƙe ƙafafun akuyar, kuma shi ke juya ta gabas tun kafin in buɗe baki. Marta tana da tukunya ɗaya da take rataye ta daban, naman alade bai taɓa shiga cikinta ba, giya ba ta taɓa kusantarta ba. A cikinta ake dafa naman, a zuba a kwanuka, a kai gida-gida. Bayan rasuwarsa Marta ta ci gaba. Duk shekara ranar da ya cika sukan yi addu'arsu, a yanka akuya, kuma ni ke yankawa.

Daga bakinsa na fara fahimtar kalmar nan "layik" da ake yawan faɗa a rediyo. Wata rana muna feɗe akuya na tambaye shi me take nufi.

Ya ce, "Gwamnati ba ta sallah, ba ta zuwa coci."

Na ce, "To kafira ce ke nan."

Ya yi dariya har ya saki ƙafar akuyar. Ya ce, "Kai dum, gwamnati tana da rai ne? Za a tashe ta ranar ƙiyama? Kai za a tasa, ni za a tasa. Ita ta gyara mana gada, ta sa magani a asibiti. Ranar da ta ɗauki carbi ko ta rataya gicciye, ɗayanmu zai sake neman abin rufe fuska."

Ban manta da wannan maganar ba.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Bayan rasuwarsa aka taɓa kawo maganar manyan ma'aikata su riƙa rantsuwa da sunan addini kafin su kama aiki. Kiristoci suka ce kalmomin rantsuwar ba nasu ba ne. Daga baya aka janye abin, amma tabon bai goge ba. Ɗan Jozef na fari, Selestan, ma'aikacin ofis ne. Ya ce shekaru yana kan kujera ɗaya, ana ɗauko na bayansa ana ɗora masa, don sunansa ba irin sunan da ake so ba ne. Ban san ofishinsu ba, amma ba na ce ƙarya yake yi ba. Yanzu a wayarsa yana sauraren masu wa'azi na wasu ƙasashe da ke cewa ƙasarsu ta Kirista ce, dole gwamnati ta faɗi haka a fili. Shi da abokansa suka ce idan an mai da gwamnati masallaci, to daga gada zuwa kudu ƙasar Kirista ce, a sani.

A gidana a unguwar Butalbagar ma haka ne, sai dai an juya rigar. Ɗana Habu ya ce mu ne masu yawa, saboda haka ƙasar Musulmi ce, layik kuwa kayan Turawa ne da suka manta ba su tafi da shi ba. Ya ce bai kamata mai furfura irina ya je ya yi yanka a inda ake addu'a da gicciye ba. Na ce masa ni ba addu'arsu nake zuwa yi ba, haƙƙin maƙwabtaka nake saukewa. Ya ce Waliya ba maƙwabtanmu ba ne, akwai kogi tsakani. Habu da Selestan tare suka yi wasan ƙasa. Yau ko lambar juna ba su da ita, amma maganarsu ɗaya ce, sunan da ke ciki kawai ya bambanta.

Bana Marta ta kira ni kamar kullum. Na naɗe wuƙata a tsumma, na sa a jaka, na hau kilando, wato babur ɗin haya, da hantsi. Da na shiga gidan na tarar da samari zaune a ƙarƙashin darbejiya, abokan addu'ar Selestan. Akuyar tana ɗaure a turke. Na yi gaisuwa da Larabcin gari, ba wanda ya tashi. Ɗayansu yana riƙe da wuƙa.

Selestan, wanda ke ce mini Tonton, wato kawu, ya ce, "Tonton Isa, ka sha hanya a banza. Bana mu za mu yanka."

Na ce, "Uwarka ce ta kira ni."

Mai wuƙar ya ce, "Gidan Kirista, unguwar Kirista, sai an ɗauko dum daga ƙetaren kogi? Hannunmu ƙazanta ne? Tsoho, ka taɓa kiran ɗayanmu ya yanka maka ragon sallah?"

Ban taɓa ba. Addinina bai ba ni wannan ba. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da Jozef ke yi kyauta ce daga gefe ɗaya, kuma mu mun saba karɓa har mun ɗauka dole ce.

Sai na tuna abin da ke jakata. Tsohon Musulmi da wuƙa a tsakiyar samari masu fushi, kowannensu da waya a hannu. Idan ɗaya ya yi ihu, ko ya ture ni na faɗi wuƙar ta fito, kafin la'asar labari ya kai Dembe cewa an yanka mahauci a Waliya, ko mahauci ya je yanka Kiristoci. Ba wanda zai tsaya tambaya. Habu zai zo da nasa abokan. Na san yadda irin wannan ke farawa, kuma ba da babban abu yake farawa ba. Na dafa bango.

Marta ta fito daga madafa tana goge hannu da zani. Ta tsufa, ƙafa ɗaya take ja. Ta dubi ɗanta ta ce, "Selestan, ubanka ne ya mutu ko ni? Ku yanka. Maƙwabtana ba za su ci ba, ni ma ba zan ci ba. Ku aika wa faston nan na cikin wayarku naman, ya ci a ƙasarsu."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Marta ta kwance akuyar za ta kawo mini. Akuyar ta fizge ta, Marta ta tafi za ta kifa. Selestan ya yi tsalle ya tare uwarsa da hannu ɗaya, ya cafke igiyar da ɗayan. Shi ke nan igiya ta koma hannunsa, kowa na kallonsa. Sannan ya ja akuyar zuwa bakin ramin da ake yanka, ya kayar da ita, ya juya ta gabas. Ban ce masa ya juya ba. Tun yana ƙarami yake gani.

Ya riƙe ƙafafun akuyar. Na yi bisimilla na yanka. Kafin jini ya tsaya abokansa sun fice.

Aka dafa, aka zuba a kwanuka, aka kai gida-gida. Tsofaffin maƙwabta suka karɓa suka aiko da godiya. Kwano ɗaya ya dawo a rufe yadda ya tafi. Daga gidan marigayi Alhaji Adam ne, wanda ya shekara da shekaru yana cin naman tukunyar nan. Yanzu ɗansa ke riƙe da gidan. Ya ce sun gode, ba sa cin abincin irin wannan taro ko da wa ya yanka. Marta ta ajiye kwanon a ƙasa, ta koma madafa. Selestan ya dube ni. Na rasa inda zan sa idona.

Ya raka ni bakin titi. Da mai kilando ya tsaya ya ce, "Tonton, don Mama na yi. Baɗi ban yi alkawari ba."

Na ce, "Na ji."

Tun ranar nake tambayar kaina me Jozef zai ce. Ba na jin zai zagi ɗansa. Zai ce a gyara abin da ke ofis, domin wanda aka danne a wurin aiki a gida yake huce haushi. Kuma zai ce wa Selestan da Habu abu ɗaya: duk wanda ya sa wa ƙasa addininsa, ya sa wa maƙwabcinsa sunan baƙo. Mu mun ga abin da ake yi wa baƙo ranar da gari ya rikice. Su ba su gani ba, a waya suke jin labari, kuma a waya jini ba ya wari.

Me ya rage na Jozef? Teburinsa yana rumfata. Matarsa na nan da ƙafa ɗaya mai ƙarfi. Ɗansa ya san gabas, ko da yake ba ya son sanin. A takarda har yanzu ƙasar layik ce, an ce mini. Ni ban iya karanta takarda ba. Abin da na iya karantawa shi ne wa ke cin abincin wa, kuma abin da nake karantawa yanzu yana ba ni tsoro.

Marta ta ƙunsa mini kasona kamar kullum. Da na isa gida Habu ya ga ƙunshin, ya ce wa matarsa kada ta taɓa, kada ta ba yara. Ban yi masa gardama ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda kowa zai gan ni, na buɗe, na fara ci. Ba wanda ya fito. Can sai matata Hajara ta ɗaga labule, ta jawo kujerarta, ta wanke hannu, ta ɗauki tsoka. Mu biyu muka cinye. Dukkanmu mun haura sittin.